Gyaran agogon gudu bayan sauya korona da binyon: aikin wata warsha a sana'iyyar Makka

Duk wanda ya sauya korona da binyon na motarsa ta ɗaukar kaya, wato babbar giya da ƙarama da ke cikin difirans masu miƙa ƙarfin inji ga tayoyi, ya kamata ya sani cewa aikin bai ƙare ba a ranar da aka rufe difirans aka zuba masa mai, domin agogon gudu da ke gaban direba bai san an taɓa komai a ƙarƙashin mota ba, kuma zai ci gaba da lissafi da tsohon ma'auni har sai an gyara shi. Wannan rubutu bayani ne a kan wata ƙaramar warsha ta wutar mota da ke sana'iyyar Makka, wato unguwar makanikai, ta wani Bahaushe haifaffen garin, wadda ta yi mini wannan gyara a kan shas ɗina, wato a-kori-kura Land Cruiser 79 ƙirar 2006 mai injin fetur lita 4.5. A ganina aikin ya yi kyau kuma kuɗin bai tafi a banza ba, sai dai abin da ya fi cancantar yabo shi ne awon da mai warshar ya yi kafin ya taɓa ko waya ɗaya, tunda ƙaramin akwatin da ya saka daga baya kowa yana iya sayen irinsa ta intanet. Akwai kuma abubuwan da ban ji daɗinsu ba, zan faɗe su a inda suka dace.

Aikin motar shi ne kai sha'ir da ciyawar barsim da tankin ruwa zuwa garken dangi a bayan Ɗa'ifa ta hanyar Sail, sannan ta sauko da raguna zuwa kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya a Makka. Makka ba ta kai mita 300 sama da teku ba, Ɗa'ifa kuwa tana wajen mita 1,800, saboda haka motar da aka loda tana hawan kusan mita 1,500 a kowace fita. Da na cire tayoyinta na asali masu lamba 7.50R16 na saka masu faɗi, 285/75R16, saboda yashin da ke hanyar garken, sai ta yi nauyi a hawa, ana yawan neman giya ta uku a wuraren da a da ta huɗu take wucewa. Maganin da masu shas suka saba shi ne a sauya korona da binyon zuwa masu ƙarfin ja. Na asalin motata korona haƙora 43 ne, binyon 10, idan an raba 4.30 ke nan, wanda aka saka korona 39, binyon 8, wato 4.875, abin da ake kira 4.88 a kasuwa. An sauya na gaba da na baya gaba ɗaya, domin mota mai dabal, wato mai ja da tayoyi huɗu, ba ta yarda gaba da baya su sha bamban. Ranar da aka saka dabal a kan ƙasa mai tauri, akwatin dabal ɗin ne zai biya bashin.

Ƙarfin ja ya dawo yadda ake so, amma agogo ya lalace. Allura tana kan 100, manhajar taswira a wayata tana nuna 88. Ƙararrawar gargaɗin nan da motocin yankin Khalij, wato ƙasashen Larabawa na Gulf, suke zuwa da ita, wadda take kaɗawa a 120, ta koma kaɗawa tun mota tana wajen 105, kuma a babban titin Makka zuwa Jidda sai na ga ana ta haska mini fitila daga baya alhali allura tana gaya mini na kai iyaka. Wannan duk abin haƙuri ne idan aka gwada shi da na kilomita. Lambobin da ke ƙasan allura suna ƙirga tafiyar da ba a yi ba, kuma su ne mai saye zai duba ranar da za a sayar da motar, su ne kuma ake bi wajen juye baƙin mai.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. A irin wannan mota, na'urar da take jin gudu, wadda makanikan nan suke kira hassas, tana ɗaure ne a bayan akwatin dabal, kuma abin da take ƙirgawa shi ne juyin farfela, sandar da ke kai ƙarfi zuwa difirans, tun kafin ƙarfin ya isa difirans. Motocin Japan da yawa an gina agogonsu a kan cewa hassas zai juya sau 637 a kowace kilomita, yana aika bugun wuta huɗu a kowane juyi, jimla 2,548 ke nan. Agogo ba ya ganin taya, ba ya ganin kwalta. Idan bugu 2,548 suka iso masa, ya rubuta kilomita ɗaya. Da tsohuwar giya farfela tana juyawa sau 4.30 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, yanzu kuwa sai ta juya sau 4.875, don haka bugun da ke isa agogo sun ƙaru alhali nisan bai ƙaru ba. Lamarin ya yi kama da mai awon hatsi da aka musanya wa mudu da ƙarami bai sani ba: ƙidayarsa daidai take, mudun ne ya ragu.

Kuskuren motata ya faɗo ne ta ɓangaren da ba ya jawo tara, domin allura tana nuna fiye da gaskiya. Waɗanda ya kamata su ji tsoro su ne masu komawa giya mai sauƙin juyi don rage shan mai a doguwar hanya, misali daga 4.30 zuwa 3.91, da masu saka manyan tayoyi su bar difirans yadda yake. Su allurarsu ƙasa da gaskiya take nunawa. Mai 3.91 yana ganin 120, motarsa kuwa ta kusa 130, idan ya haɗa da manyan tayoyi ma ta wuce. Kyamarorin Sahir masu kama gudu a titi, da aka fara aiki da su a Riyad a shekarar 2010 kafin su bazu ko'ina a ƙasar, gudun mota suke aunawa, kuma saƙon mukhalafa, wato tara, yana iso wa mutum a waya ba tare da an tambaye shi abin da allurarsa ta nuna ba. Tun 2018 an ɗaga iyakar ƙananan motoci zuwa 140 a wasu manyan hanyoyi, ciki har da ta Makka zuwa Madina, amma ta manyan motocin kaya tana kan 80, kuma direban da yake tafiya a bakin iyaka duk yini ba shi da rarar da zai yi wasa da ita.

Tambayar farko da mai warshar ya yi mini ita ce ta sa na saki jiki da shi. Bai tambayi kashi nawa nake so a rage ba, cewa ya yi: "Alhaji, daga ina motarka take ɗaukar gudu, daga dabal ko daga tayoyi?" Bai ma jira amsata ba ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya nuna mini hassas ɗin da filoginsa mai wayoyi uku a bayan akwatin dabal, ya duba bayan ƙafafun ya tabbatar motar ba ta da birkin ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki. Wannan tambaya ita ce tushen aikin duka, domin motar da take ɗaukar gudu daga hassas na ABS da ke jikin kowace taya, sauya korona da binyon ba ya taɓa agogonta ko kaɗan, girman taya kaɗai ke taɓa shi. Haka ma wasu manyan motocin Ford na Amurka da hassas ɗinsu yake karanta zoben da ke jikin koronar kanta, tunda zoben yana juyawa ne tare da tayoyi. Wanda ya saka wa irin waɗannan akwatin gyara saboda an sauya giya, ya lalata agogon da yake lafiya lau.

Na gaya masa an saka mini 4.88, har na nuna masa takardar shagon da na sayi kayan. Ya karɓa ya duba ya mayar mini, ya ce takarda tana faɗin abin da aka sayar, shi kuwa abin da ke cikin difirans yake so ya sani, domin ya sha ganin mutum ya sayo kaya daga tashlihin Buraiman a Jidda, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, da sunan 4.88, a buɗe a tarar da 4.56. Ya sa aka dasa duwatsu a tayoyin gaba, aka ɗaga ƙafafun baya biyu a kan jak, ya ja layi da alli a gefen kowace taya, ya ja wani a jikin farfela daidai da wani noti da ya zaɓa. Yaransa biyu suka riƙa juya tayoyin tare, a hankali, shi kuma yana kwance yana ƙirga wucewar layin farfela da ƙarfi, da Larabci, yana ɗaga yatsa a kowane goma. Zagaye goma ya sa suka yi wa tayoyin, ya ce a zagaye ɗaya ido ba ya rarrabe 4.56 da 4.88 da tabbaci, amma a goma bambancin ya haura juyi uku. Ya tsaya a arba'in da takwas da kashi uku cikin huɗu, wanda shi ne daidai 39 a kan 8. Bayan an sauke motar ya auna iskar tayoyin, ya yi alama a ƙasa, aka tura ta taya ta zagaya sau biyar, ya ja awo da tef, saboda tayar da nauyi ya danne ba ta cin nisan da lambarta ta rubuta.

Lissafin ya yi shi ne a bayan wani kwalin fitila, a gabana. Sabuwar giya a raba da tsohuwa, 4.875 a kan 4.30, ya ba da 1.134, ƙarin kashi 13.4 cikin ɗari. Tayoyin kuma sun ja abin ta ɗaya ɓangaren, tunda tsayin tsohuwar taya wajen milimita 805 ne, sabuwar 834, sai suka rage kusan kashi 3.5. Idan aka haɗa biyun, agogo yana samun ƙarin bugu kashi 9.4 cikin ɗari, wato wajen 2,790 a kilomita maimakon 2,548. A nan ya ja hankalina kan wani wuri da ya ce masu saka akwati da kansu suna yawan zamewa: ƙarin 9.4 ba a gyara shi da ragin 9.4, domin ana rage shi ne daga adadin da ya riga ya kumbura. Ɗaya a raba da 1.094 yana ba da 0.914, saboda haka ragin da ake buƙata kashi 8.6 ne. Bambancin ƙarami ne a ido, amma a kilomita dubu ɗari ya kusa dubu guda.

Ya shimfiɗa mini hanyoyin gyara ba tare da ya tura ni ga mafi tsada ba. Mafi tsafta ita ce a sauya 'yar giyar roba da take juya hassas da wata mai haƙora fiye da nata, domin ba a yanka waya kuma babu abin da zai ƙone. Matsalarta ita ce haƙora ɗai-ɗai suke zuwa, kowane ɗaya yana gyara wajen kashi uku a giya mai haƙora talatin da 'yan kai, kuma tawa tana buƙatar ƙarin uku, wanda bai samu mai shiga da abokiyar cizonta ba. Tsofaffin shas masu agogon igiya, irin na shekarun 1990, ana ɗaura musu ƙaramin akwatin giya tsakanin dabal da igiyar. Motocin Amurka irin su GMC da Silverado, da suka cika titunan ƙasar nan, ana shigar musu da sabuwar lamba ne ta kwamfuta, ta filogin da ke ƙarƙashin sitiyari. Abin da ya rage wa irin tawa shi ne akwatin lantarki da yake karɓar bugun hassas ya rage yawansu kafin ya miƙa wa agogo. Sanannun irinsa da ake oda daga waje akwai SpeedoHealer na kamfanin HealTech da ke Hungary, da na Dakota Digital na Amurka, wanda wani samfurinsa da wayar hannu ake saita shi. Shi iri biyu yake ajiyewa, mai araha marar suna da mai ɗan tsada da ake saita shi da ɗigo ɗaya cikin goma na kashi. Na ɗauki na biyun, domin mai arahar da kashi ɗai-ɗai cikakku yake tafiya.

Yadda ya haɗa wayoyin ma abin dubawa ne. A wayoyi ukun hassas, ɗaya ta wuta ce, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta saƙo, kuma ta saƙon kaɗai ya yanka, bayan ya tabbatar da ita da na'urar awon wuta. Ya saka akwatin kafin agogo, domin a irin wannan Toyota saƙon yana fara shiga agogo ne sannan agogo ya miƙa wa kwamfutar inji, saboda haka gyara ɗaya ya wadatar da su biyun. Ya ja wayoyin zuwa cikin mota ya ajiye akwatin a bayan aljihun gaban fasinja, nesa da zafin salansa da ruwan wanki, kuma duk wanda ya san bazarar Makka, inda zafi yake haura digiri 45, ya san abin da ake ajiyewa ƙarƙashin mota ba ya tsufa da kyau. Kowane haɗi da dalma ya liƙe shi, ya rufe da robar da wuta take tsukewa. Na sha ganin masu wutar mota suna murɗa waya biyu su naɗe da salatif, kuma irin wannan haɗi a hanyar tsakuwa shi ne yake sa allura ta riƙa tsalle bayan wata biyu.

Gwajin hanya shi ne wurin da na gane bambancinsa da sauran. Kafin ya saka akwatin mun fita hanyar Laith, inda titi yake miƙe kuma babu hawa, ya mayar da ƙaramin ƙirgen tafiya sifili, muka yi kilomita 20 da awon tauraron ɗan'adam, agogo ya rubuta 21.9, abin da ya yi daidai da lissafin kwalinsa. Bayan an saka mun sake bin wurin, agogo ya rubuta 20.0. Amma allura tana kan 100, waya tana nuna 96. Na ce masa: "Mu'allim, ai da saura, a ƙara ragewa ta zauna daidai." Ya girgiza kai ya ce ba zai so ya yi haka ba, ya kuma yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin wani bakanike ba. Kamfani da gangan yake sa allura ta ɗan haura gaskiya, domin ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 39, wadda masu ƙera motoci da yawa suke bi, ta hana agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudu, ta kuma yarda ya haura da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 ba. Ƙirgen kilomita kuwa ana ƙoƙarin sa shi daidai. Tunda akwati ɗaya ne yake ciyar da su biyun, idan aka matsa allura ta zauna daidai da waya, ƙirgen kilomita zai koma yana cin huɗu a kowace ɗari, wato a dubu ɗari an ɓoye wa mai saye dubu huɗu, kuma an kwashe 'yar rarar da take tsare direba daga Sahir. "Kilomita nake gyara maka, Alhaji," in ji shi, "allura kuma na mayar da ita inda kamfani ya ajiye ta." Na yarda da wannan hukunci a lokacin, kuma har yanzu ina ganin shi ne daidai.

Muna cikin aikin wani saurayi ya shigo da sabuwar mota mai giya otomatik, ya ce an sauya masa difirans kuma abokansa sun ce dole ya saka akwati. Mai warshar ya leƙa bayan taya, ya sa shi ya buɗe taswira a waya suka zagaya layin, suka dawo ya ce: "Ɗana, agogonka lafiyarsa ƙalau, daga tayoyi yake karantawa." Saurayin ya ce: "To Kawu, me ya sa giya take sauyawa ba a kan lokaci ba?" Ya bayyana masa cewa kwamfutar giya tana gwada juyin da ke fita daga akwatin giya da na tayoyi, kuma har yanzu tsohuwar lamba take tsammani, saboda haka mai na'urar shigar da lamba yake buƙata, ya kuma kwatanta masa inda zai samu. Ya gargaɗe shi kada ya yarda kowa ya yanka wayar hassas na ABS da sunan gyaran agogo, domin birki ne zai rikice. Saurayin ya tafi bai biya ko riyal ɗaya ba, alhali da an saka masa akwatin ba zai san an cuce shi ba.

Na tambaye shi ko zai iya cire kilomitocin ƙarya da agogo ya tara tsakanin sauya giya da wannan gyara. Ya ce na'urar yin haka tana nan a kasuwa amma shi ba ya mayar da agogo baya ko da da hujja, domin ana rubuta lambar a fahas, wato duba lafiyar mota na shekara-shekara, kuma ranar da ta ragu babu wanda zai tsaya sauraron labarin difirans. Abin da ya yi shi ne ya rubuta mini lambar da agogo yake kai a ranar, da kashin da aka rage, ya buga hatimin warsha, ya ce in ajiye tare da istimara, takardar rajistar mota, in nuna wa mai saye.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba sun fi shafar tsari. Ya ba ni lokaci bayan Azahar, bai taɓa motar ba sai da aka sauko daga La'asar, kuma babu wurin zama mai inuwa sai wani benci a bakin ƙofa da rana take dukansa. Mai sana'ar da motarsa ce jarinsa, rabin yini a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma kiran waya ɗaya ya isa ya hana wannan. Farashi ma bai faɗa ba sai da na matsa, garantin wata uku da ya ba ni kuma da baki ne, bai shiga takardar ba sai da na nemi a rubuta. Akwatin ya ɗaure shi da igiyar roba guda ɗaya, da na shiga hanyar garke ya fara ƙwanƙwasa jikin ƙarfe, sai da na koma aka sa masa soso aka ƙara ɗauri. Bai karɓi komai a kai ba, amma mutumin da ya liƙe kowace waya da dalma bai kamata wannan ya wuce shi ba. Akwai kuma wani ɗan jinkiri da allura take yi idan mota ta tashi daga tsaye, takan ɗan dakata kafin ta motsa, saboda akwatin yana jiran bugu biyu ko uku kafin ya fara lissafi. Ba ya cutar da komai kuma yana ɓacewa da an haura gudun tafiyar ƙafa, sai dai ya kamata a gaya wa mutum tun farko, kada ya ɗauka aikin ne ya ɓaci.

Abin da na fi ganin gibi a kansa shi ne bai ce uffan ba game da doka. Yin sauyi a jikin mota ba tare da bin ƙa'ida ba laifi ne a tsarin mururu, hukumar kula da hanya ta ƙasar nan, kuma tayoyin da suka saɓa wa na asali suna iya jawo magana a wurin fahas. Gaskiya ne ba shi ya sauya mini giya ko taya ba, amma masu zuwa wurinsa kusan dukkansu sun yi ɗaya daga cikin biyun, kuma da yawa samari ne da ba su taɓa tunanin wannan ba. Kalma ɗaya daga bakin dattijo irinsa za ta yi musu amfani.

Ya kamata mai niyyar wannan gyara ya san abin da ba zai samu ba. Akwatin ba ya rage juyin inji. A kowane gudu injina yana juyawa kusan kashi 9 fiye da yadda ya fito daga kamfani, ƙararsa a doguwar hanya tana nan, shan mansa ma yana nan. Hasali ma bayan gyaran sai lissafin mai ya zama kamar ya ƙara muni, domin a da ina raba litocin da kilomitocin da ba a yi ba, yanzu kuwa da na gaskiya nake rabawa. Ribar da na gani a fili ita ce ta baƙin mai, tunda kilomita 5,000 na tsohon agogo 4,570 ne kacal a ƙasa, sai kuma ƙararrawar 120 da ta koma wurinta, da natsuwar tuƙi ba tare da ido ɗaya yana kan waya ba. Tun daga lokacin motar ta sha hawa Sail da saukowa cikin zafi da ƙura, allura ba ta yi tsalle ba, kuma duk sanda na gwada ƙirgen kilomita da waya suna tafiya tare.

Na biya riyal 480, akwati 330, aiki da fita gwaji sau biyu 150. Wani wuri a layin ya yi mini tayin 250 gaba ɗaya, amma da na tambayi yadda za su san kashin da za a rage sai aka ce za a riƙa juyawa har allura ta yi daidai da waya, wato ainihin abin da wannan ya ƙi yi. Mai shas ko Hilux ko daina, wato ƙaramar motar kaya, ta shekarun da hassas yake jikin giya ko dabal, wannan warsha ta dace da shi, kuma zai sauƙaƙa wa kansa idan ya je da lambar tsohuwar giya da ta sabuwa, da lambar tayoyin asali, tayoyin kuma da iskar da ya saba tafiya da ita, ya nemi a rubuta masa farashi da garanti kafin a fara. Wanda yake shirin sauya tayoyi nan kusa ya fara sauyawa tukuna, domin kowane sabon girman taya yana buƙatar a sake saita akwatin. Mai sabuwar mota da take karanta gudu daga ABS kuwa, ya gwada agogonsa da waya a miƙaƙƙen titi kafin ya je, domin mai yiwuwa ba agogon ne yake buƙatar gyara ba.